Ranar da Arzika Bai Buɗe Shago Ba

Shekarar da jam'iyyar masu mulki ta tsage gida biyu, tsagewar ba ta tsaya a Hartum ba. Sai da ta gangaro har Gadarif, ta shiga ofishin jam'iyya na mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, ta raba shi kamar an raba gado. Ofishin bene ne, sai ɓangare ɗaya ya kama sama, ɗayan ya riƙe ƙasa, 'yan kasuwa kuma da ba sa rasa bakin magana suka raɗa musu 'yan sama da 'yan ƙasa. In ka tambayi bambancinsu sai a yi maka dariya. Gemu iri ɗaya, farar jallabiya iri ɗaya, kabbara iri ɗaya, duk kanwar ja ce. Abin da ya raba su guda ne, wa zai zama shugaban jam'iyya.

'Yan ƙasa ke da rinjaye a majalisar mahalliyya, sai suka ƙi zama. Da majalisa ba ta zauna ba kasafi bai fito ba, da kasafi bai fito ba aka garƙame ofisoshi. Masu shara suka ajiye tsintsiya, juji ya tashi a bakin kasuwa har ya so ya fi rumfar mai shayi tsawo. Sukari da fulawar da ake raba wa unguwanni da sauƙin farashi suna nan jibge a sito, mai riƙe da makulli ɗan sama ne, mai sa hannu ɗan ƙasa. Burodi ya ƙanƙance, sai ka ci biyu kafin ka tabbata ka ci ɗaya. Gangar ruwan da jaki ke kawowa ƙofar gida ta yi tashin gwauron zabi, kuma a Gadarif in ruwa ya yi tsada to komai ya yi tsada.

Da abin ya kai wa mutane wuya, sai 'yan ƙasa, waɗanda da hannunsu suka rufe majalisa, suka fito suna tausayin talaka. Suka ce ranar Talata kowa ya rufe shagonsa, a nuna wa 'yan sama tsadar rayuwa ta ishi jama'a. Ustaz Faisal, sakataren 'yan sama, ya ɗora lasifika a kan mota ya zagaye kasuwa. Ya tuna wa kowa cewa shagunan nan na mahalliyya ne, haya aka ba su, kuma duk wanda aka ga kwaɗo a ƙofarsa ranar Talata ya yi bankwana da shagon. Uzuri ɗaya za a karɓa, mutuwa ko ciwo na cikin gidan mutum: iyayensa, matarsa, ko 'ya'yan cikinsa.

Arzika ya ji sanarwar yana zaune da basilla a hannu. Baduku ne, mai ɗinka takalmin markub da kuben wuƙa, kuma shagonsa ne na ƙarshe a layin dukawa, bango ɗaya ya raba shi da Taha mai kayan yaji. Iyayensa makiyaya ne da fari ya cinye musu shanu, suka zauna a bakin kogin Rahad suka kama noma. Shi ya shigo gari da ƙuruciyarsa ya koyi dukanci, ya sha rana a bakin titi shekara da shekaru kafin ya samu wannan ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Ɗansa Muhammad an tafi da shi aikin soja na dole, 'yan matan biyu, Sara da Rawan, suna makaranta. Duk abin da gidan ke ci daga wannan ƙofar yake fitowa, don haka shi bai da wata siyasa da ta wuce ya buɗe ta.

Amma kasuwar ta riga ta lalace da zato. Mutum ya yi maka sallama sai ka tsaya kana auna sallamar. Ranar Litinin da hantsi wani dogo mai tabarau, wanda kowa ya san ɗan ƙasa ne, ya shigo shagon Arzika ya ce a gwada masa markub. Ya sa wannan ya cire, ya sa wancan ya cire, yana ta kukan tsadar fata da zare kamar shi ne baduku. Bai sayi komai ba. Da zai fita ya dafa kafaɗar Arzika ya daɗe bai ɗauke hannun ba, a daidai inda duk layin ke iya gani.

Ko rufe baki ba a yi ba sai ga Hamisu tela. Hamisu ɗan gida ne, iyayensa da na Arzika ruga ɗaya suka tashi, amma tun da aka sa shi a lajnar kasuwa, kwamitin da ke kai wa Ustaz Faisal rahoto, ya tsayar da gemu ya koma gaida mutane da Larabcin littafi.

"Baba Arzika, na ga an yi baƙo," in ji shi.

"Mai ciniki ne. Bai saya ba."

"To. Gobe dai a buɗe muke, ko?"

"In Allah ya kai mu."

Hamisu ya tsaya yana kallon rufin shagon da faɗinsa, irin kallon da mai sayen rago ke yi wa rago. Ko kuwa Arzika ne ya ga haka, don a kwanakin nan ido ma ya koyi ƙarya. Da ya tafi, Taha ya leƙo da kofin shayi biyu kamar yadda ya saba kullum tun da suka zama maƙwabta.

"Ya Abu Muhammad, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Ni dai gobe zan buɗe. Kai fa?"

"Kafin ka iso na share ƙofata da taka," in ji Arzika. Suka tafa.

Taha da Abu Muhammad yake kiransa, bisa al'adar Larabawa ta kiran mutum da sunan babban ɗansa, Arzika kuma bai taɓa gyara masa ba. Gaskiyar ita ce Muhammad ba shi ne na fari ba. Akwai Ummusalama. A wajen mutanen Arzika ɗan fari abin kunya ne, ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san yana duniya. Tana barin nono aka miƙa ta ga yayar Arzika da ke Hawata, wadda kowa ke kira Goggo, can ta girma, can aka sa ta makaranta da sunan mijin Goggo, can aka aurar da ita. In dole ta sa Arzika ya ambace ta sai ya ce 'yar Goggo. In ta zo Gadarif ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa yana duban wani wuri. Kada wani ya ce rashin so ne. Duk takalmin da ta taɓa sawa tun tana tatata shi ya ɗinka, ya aika a matsayin saƙon Goggo, kuma bai taɓa tambayar girman ƙafarta ba, kallo ɗaya ta wutsiyar ido ya ishe shi.

Ranar Talata yana fitowa daga sallar asuba ya tarar da Ɗantsoho a ƙofar masallaci. Ɗantsoho direban babbar mota ne mai jigilar dawa tsakanin Hawata da Gadarif, shi ke kai musu saƙo ya kawo.

"Malam Arzika, Goggo ce ta ce in gaya wa Atine ta zo. Yarinyar tana kan gwiwa tun shekaranjiya, abin ya ƙi. An kai ta wajen likita. Yanzu zan juya, na riga na sauke kaya."

"To," in ji Arzika. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Matarsa Atine ba ta ce komai ba ita ma, don kunyar da ke kansa ta fi nauyi a kanta. Ta ɗaura 'yan tsummokaranta, ta ce za ta je ta gaida Goggo. Arzika ya sa makullin shago a aljihu ya ce bari ya raka ta tasha, daga can sai ya wuce kasuwa. Haka ya gaya mata, haka ya gaya wa kansa, kuma ya yarda da maganar. Ya ɗora ta a bayan mota, ya miƙa mata ƙunshinta, ya hau taya don ya gyara mata wurin zama. Motar ta tashi. Ya ga tasha tana ja da baya, ya ga hasumiyar masallacin kasuwa tana ƙanƙancewa, ƙafarsa kuma ta ƙi sauka. Atine ta matsa ta ba shi wuri ya zauna, ba wanda ya dubi wani.

Ya san abin da ya bari a baya, ba mahaukaci ba ne. Duk ramin da motar ta faɗa sai makullin ya soke shi a cinya. Ya yi tunanin da ya bi ta gidan Taha ya ba shi makullin, to amma ya ce masa me? Namiji da furfurarsa ya bar shago a rana irin wannan don 'yar yayarsa na naƙuda? Taha ba ya barin magana a rufe, da sai ya tone shi tas a bakin ƙofa.

A Hawata Atine ta shige ɗakin shan magani, shi kuwa ya tsallaka hanya ya zauna a gindin wata dalbejiya kusa da mai shayi. Ya ce wa mai shayin fata ya zo nema. Ya sayi shayi ya bar shi ya huce, ya sake sayen wani. Ya yi azahar a nan. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ya yi ta jan carbi yana roƙon Allah ya raba lafiya, kuma ko a cikin addu'ar bai kira sunanta ba, ya san Wanda yake roƙo ba ya bukatar a gaya masa. Wajen la'asar sakaliya sai guɗa ta tashi daga ciki. Goggo ta leƙo bakin ƙofa, ta hango shi, ta ɗaga hannu sama ta ce da ƙarfi, kamar da mai shayi take, "An sauka lafiya, uwa da abin da aka samu!" Arzika ya kau da kai. Ya biya kuɗin shayi, ya tashi ya nemi motar dawa mai komawa Gadarif.

Da safiyar Laraba ya isa kasuwa, ƙurar hanya ba ta ko bar girarsa ba. Tun daga nesa ya hango jan fenti a ƙofarsa, da wani ƙaton kwaɗo an ɗaure a kan nasa. Ashe yajin rufe shagunan bai yi armashi ba. Kusan kowa ya buɗe, masu zugawa ma da yawa sun buɗe rabin ƙofa don su ci riba biyu. A duk layin dukawa shi kaɗai ne ya rufe.

Ya shigo layin. Waɗanda ya yi shekaru yana cin abinci da su a akushi ɗaya suka duƙufa kan aiki kamar an sa musu gasa. Sai ga dogon nan mai tabarau daga can tsallake ya ɗaga murya, "Ga namijin duniya! Ga wanda bai ji tsoro ba!" Arzika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wannan yabo ya fi zagi illa, kuma ya tabbata mai yinsa ya san haka.

Taha bai kawo shayi ba. Yana tsaye a ƙofarsa hannu a rungume.

"Ina ka shiga, ya zol, mutumina?"

"Uzuri ne ya taso."

"Wane uzuri? Na je gidanka, 'yan mata suka ce kun fita da asuba, ba su san ina ba. Ka ce mini mu buɗe, na buɗe, na zauna babu kai kamar karen gwamnati, kai kuma ka zama gwarzo. Ana cewa sun yi maka alkawarin babban shago a bakin titi. Gaskiya ne?"

"Taha, kai ma?"

"To gaya mini inda ka je mana!"

"Hawata."

Fuskar Taha ta canza. Kowa ya san jagoran 'yan ƙasa a Hawata gandunsa yake, can mutanensa ke taruwa in za su ƙulla wani abu. Arzika ya ga abin da kalmar ta yi, ya buɗe baki zai gyara, harshen ya yi masa nauyi. Taha ya jira, ya gaji da jira, ya shige shagonsa.

Yinin nan Arzika a gida ya yi shi, yana juya mutane ɗaya bayan ɗaya a ransa. Wa ya fara kai sunansa? Hamisu, mai auna rufi da ido? Mai tabarau, don ya samu wanda za a nuna a ce 'yan sama sun zalunta? Ko Taha, wanda ya daɗe yana kukan buhunansa sun yi wa shagonsa yawa? Da ya kai ga Taha sai ya yi istigfari, amma zato in ya shiga zuciya ba ya fita da istigfari ɗaya. Da yamma Hamisu ya aiko cewa gobe da safe lajna za ta zauna a kansa.

Ofishin mahalliyya da ya yi wata da watanni a rufe, ga mai neman takardar haihuwa, ga mai neman albashinsa, ranar Alhamis sai ga shi a buɗe. An share ɗaki ɗaya an sa kujeru. Ustaz Faisal na tsakiya, saurayi ne mai taushin murya da tabon sallah a goshi, Hamisu na gefensa, ga Alƙur'ani a kan tebur. An kira Taha a matsayin maƙwabci. Mutanen kasuwa sun cika taga.

"Ya ammi," in ji Faisal, wato baffa da Larabci, "mu ba ma son cutar kowa. Kai dattijo ne. Ka gaya mana wanda ya sa ka rufe, ka koma shagonka yau ɗin nan."

"Ba wanda ya sa ni."

"To ina ka je?"

"Hawata. Ɗantsoho direba ne ya kai ni, a tambaye shi."

"Mun yarda ka je Hawata," in ji Faisal yana murmushi. "Abin da ka je yi muke tambaya. Ka ji sanarwa. In mutuwa ce ko ciwo a gidanka, faɗi, shi ke nan, magana ta ƙare."

Arzika ya dubi ƙasa. Ya tuna Sara da Rawan, ya tuna gangar ruwa, ya tuna bakin titin da ya baro yana saurayi, wanda yanzu ba shi da ƙashin bayan komawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya fara da abin da bakinsa ya saba.

"'Yar Goggo ce, yayata. Haihuwa ta zo mata da gardama."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma 'yar yaya ba ta cikin sanarwa, ya ammi."

Gumi ya keto masa. Abin da ubansa bai taɓa yi ba, kakansa bai taɓa yi ba, shi ake so ya yi a gaban baƙi da 'yan leƙen taga. Ya ji kamar an ce ya tuɓe riga da wando a tsakiyar kasuwa. Muryarsa ta fito ƙanƙanuwa.

"'Yata ce. Ta cikina. Ita ce ta fari." Ya tsaya, ya ƙara da ƙyar, "Ummusalama."

Ya zaci ɗakin zai girgiza. Ba abin da ya motsa sai fankar sama. Faisal ya ɗaga gira ya juya ga Taha.

"Ya Hajj Taha, kai ne ka fi kowa saninsa. Dafa Littafi. Yana da 'ya mai wannan suna?"

Taha ya dafa. Ya dubi Arzika, idonsa cike da roƙo, kamar mai cewa ka ba ni abin da zan riƙe. Amma Taha mutum ne mai tsoron rantsuwa.

"Wallahi ni Muhammad na sani, da Sara, da Rawan. Tun muna da baƙin gashi nake kiransa Abu Muhammad, bai taɓa ce mini akwai wadda ta girme shi ba. Akwai wata da takan zo daga Hawata, shi da bakinsa ya ce mini 'yar yayarsa ce. Abin da na sani ke nan."

"Al'adarmu ce," in ji Arzika. "Ba ma faɗin ɗan fari. Ga Hamisu nan, ya sani. Ubansa ma bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba."

Duk ido ya koma kan Hamisu. Wani daga taga ya yi dariya, ya ce wace irin al'ada ce mutum ya yi musun ɗansa, ko a jahiliyya sai haka. Hamisu ya ji dariyar. Arzika ya ga kunnuwansa sun ji ta. Mutumin da ya sha wuya kafin a daina kiransa ɗan ruga a cikin jam'iyya, ga kujerar shugaban lajna tana jiransa, ga kuma masu raɗe-raɗin cewa shi ma yana leƙa 'yan ƙasa.

"Da can a daji an ce tsofaffi na yin wani abu mai kama da haka," in ji Hamisu yana gyara hula. "Amma yanzu mu mutanen gari ne, masu bin shari'a. Ni dai yarinyar nan da sunan mijin Goggo na san ta."

Faisal ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya ammi, tambaya ɗaya ta rage. Ka bar shagonka, ka sha wannan doguwar hanya saboda 'yarka. Ta sauka?"

"Ta sauka lafiya."

"Alhamdu lillahi. Me aka samu, namiji ko mace?"

Arzika ya buɗe baki. Sai a lokacin ya gane bai sani ba. Ya ji guɗa, ya ji an ce lafiya, ya tashi ya tafi, don wane uba ne zai tsaya tambayar abin da 'yar fari ta haifa? Atine kuma tana can. Yana iya cewa namiji, yana iya cewa mace, ko wanne ya faɗa rabin gaskiya na tare da shi. Amma ga Littafi a kan tebur.

"Ban tambaya ba."

Tagar ta fashe da dariya. Taha ya sunkuyar da kai, kuma wannan sunkuyawar ta fi dariyar yi wa Arzika ciwo, don ya ga abokinsa ya gama yanke hukunci. Faisal ya ce abin takaici ne dattijo ya ƙago 'ya don ya rufa wa 'yan fitina asiri. Shago ya koma hannun mahalliyya, lajna za ta ba wanda ya cancanta. An ba shi zuwa azahar ya kwashe kayansa.

Aka buɗe masa ƙofar, ɗan sanda na tsaye. Ya tattara basilla da wuƙaƙe da guntayen fata, ya zuba takalman da bai gama ba a buhu biyu. Shekarun da ya yi a ɗakin nan duka ba su cika amalanken jaki ba. Ba wanda ya taya shi, kowa na tsoron a gan shi yana taimakon ɗan ƙasa. Mai tabarau kuwa, da ya kira shi namijin duniya, ko ƙeyarsa ba a gani ba. Hamisu ya zo ya karɓi makulli da sunan lajna, ya rufe, ya sa a aljihun gaba ya tafi.

Arzika na ɗaure buhu na biyu sai ga Ɗantsoho ya kutso layin, rawaninsa duk ƙura, bai san wainar da ake toyawa ba. Direba ne, ya saba magana a kan ƙarar inji, muryarsa har layin 'yan yaji.

"Malam Arzika! Barka, barka! Goggo ta ce in gaya maka jikanka namiji ne, ƙato, kamar an tsaga kara da kai. Kuma ita mai jegon ta ce in faɗa maka a kunne, amma ni ban iya raɗa ba. Ta ce ta hango babanta ta taga a gindin dalbejiya tun hantsi. Ta ce duk sanda ciwon ya so ya tafi da ita sai ta duba ta ga kana nan."

Taha na tsaye a ƙofarsa da ma'aunin barkono a hannu, ya sake shi ya faɗi, barkonon ya watse.

"Babanta?" in ji shi. "Ya Ɗantsoho, babanta ka ce?"

"To wa ye babanta in ba shi ba? Duk Hawata wa bai sani ba?"

Taha bai tsaya sa takalmi daidai ba, ya kama hannun direban ya ja shi suka nufi ofishin mahalliyya da gudu-gudu. Ba su jima ba suka dawo. Ofishin a garƙame yake. Mai gadi ya ce an gama zaman da aka buɗe dominsa, Ustaz ya hau mota ya tafi Hartum kan maganar shugabanci, sai majalisa ta zauna za a sake buɗewa, ranar zamanta kuwa sai Allah. Ihu bayan hari ke nan.

Taha ya durƙusa a gaban buhunan yana kuka kamar yaro. "Shayin da muka sha tare ya isa ya cika rijiya. Sau ɗaya, ya Arzika, da sau ɗaya ka gaya mini!"

Arzika bai yi fushi da shi ba. Yana zaune a kan buhu, bayansa jingine da ƙofar da ba tasa ba yanzu, fuskarsa na zafi don kunya. Ta gan shi. Duk kau da kan da ya yi tun tana jaririya, ashe ta taga ɗaya ya zube. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba. Ya yafito Ɗantsoho da hannu, direban ya sunkuyo, Arzika ya duba hagu ya duba dama, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ita fa," ya ce, "ta samu ta ci wani abu?"